Yadda Za Ka Ƙera Ma'aunin Zafi da Hannun Wata

Kana so sunanka ya hau kan na'urar da ko taɓa ta ba ka yi ba? Bi matakan nan, sakamako tabbas ne. Mansir ya gwada su a ajin ƙarshe na injiniyan lantarki a nan Bauchi, har yau ana maganarsa.

1. Nemi Zinariya

Kowane aji da tasa. Ita ce mai tabon ƙunar darma a yatsu, mai shigowa a keke-napep daga Ƙofar Ran da kular ƙanƙara a cinya. Shiga rukuninta na aikin kammala karatu, ka naɗa kanka shugaba. Hujja? Wai muryar mace rawa take gaban farfesa.

2. Raba aiki bisa adalci

Ita ta haɗa wayoyi, ta gwada, ta warware, ta sake. Wata huɗu Zinariya ta yi tana tsoma bakin ma'aunin a ruwan ƙanƙara har ya yarda ya nuna sifiri. A ɗauke wuta ta jira, a kawo ta ci gaba. Kai kuma ka zaɓi launin bangon rahoto. Ba ƙaramin nauyi ba ne.

Riƙa leƙowa kana cewa, "Injiniya, yaya aikin namu?" In ta ce, "Namu da wa?" yi dariya, ka ce wasa take.

3. Sa sunanka a sama

Da manyan baƙaƙe. Nata ya je can ƙasa. In ta gani ta yi shiru, ka ɗauka ladabi ne.

4. Kada ka karanta rahoton

Shugaba sa hannu yake yi, ba karatu ba. Musamman shafi na tara, yi nesa da shi.

5. In ta ɓaci, tsame kanka

Ranar kare aiki, Farfesa Hammajoda, mai jarrabawa daga waje, ya sa aka tafasa ruwa a buta, ya tsoma ma'aunin. Allo ya nuna digiri casa'in da takwas, ya tsaya cak.

"Shugaba, ruwa na tafasa, ɗari muke jira. Ina biyun?"

A nan gwaninta take. Mansir bai ɓata lokaci ba.

"Wallahi, ranka ya daɗe, ba ni ba ne, ita ce! Tun daga waya har lissafi ita ta yi. Ni ko taɓawa ban yi ba."

"Ko taɓawa?"

"Ko taɓawa!"

"Madalla. Maimaita a hankali in rubuta."

Zinariya ta miƙe ta gyara mayafi. Muryar da aka ce tana rawa ko gezau ba ta yi ba.

"Malam, ɗari na mutanen bakin teku ne. Bauchi a kan tudu take, nauyin iska bai kai nasu ba, shi ya sa ruwanmu ke tafasa da wuri. Yana shafi na tara."

Farfesa ya zaro nasa ma'aunin daga jaka ya tsoma. Casa'in da takwas. Ya ɗauki biro ya ja layi a kan manyan baƙaƙen nan.

Gargaɗi

An yi maka alkawarin sakamako, ba a ce wane iri ba. Babu mai ɗaukar alhakin zufa, ɗaurewar harshe ko maimaita shekara. Mai ƙorafi ya samu Mansir; yana nan a ajin, yana neman rukuni.