Ranar da Na Kira Manyan Baƙi Garke

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Talata a Panyu, wata unguwa ta birnin Guangzhou a ƙasar Sin, ranar da bakina ya kore ni daga aikin da ban ma fara ba.

Kafin in zo Guangzhou na yi shekara biyu a Rasha da sunan karatun likita. Ban gama ba (wannan wani kukan ne daban). Abin da na tsira da shi rigar sanyi ɗaya da Rashancin sayen burodi. Amma a majalisar 'yan Kano da ke kasuwar Shahe, sai in ce na sha Rashanci kamar koko. Tun ina faɗa don a yi raha har na yarda da kaina.

Wannan cika bakin ne ya sa Alhaji Isuhu, wani dattijo ɗan Maraɗi mai sarin takalma, ya kai ni masana'antar da yake saye. Laoban, wato maigidan wurin, yana neman tafintan Rashanci, don masu saye za su zo daga Turai. Ya ce in na yi abin kirki zai ɗauke ni aiki, ya sabunta min biza. Tawa saura kwana ashirin ta mutu, ga shi na riga na buga wa Hajiyarmu waya na ce na samu aikin ofis.

Alhaji ya ja ni gefe ya ce, "Ɗana, ka tabbata ka iya? Mutuncina na ɗora maka."

Na ce, "Baba Alhaji, ko a mafarki da shi nake magana."

Baƙi tara ne, daga Rasha da Folan da Sabiya da Bulgeriya. Da aka zauna cin abincin rana, Laoban ya yi min alama in yi musu maraba. Na miƙe, na gyara kwat ɗin aro, sai kalmar "jama'a" ta ɓace min. Nan na tuna tsohuwar da ke tsaron ƙofar masaukinmu na ɗalibai a Rasha. Kullum muka sauko tare, mu 'yan Afirka, sai ta girgiza kai ta ce, "Stado." Mu kuwa mu ɗaga mata hannu. Ni har alewa nake kai mata.

Na buɗe hannuwa na ce, "Dorogoye stado!" A zuciyata, ya ku jama'a abin ƙauna.

Wata mata ta ajiye tsinkayen cin abinci. Na ɗauka ba su ji ba ne, na ƙara murya na maimaita (Allah ya gani, har da rusunawa).

Wani tsoho ɗan Folan ya ce da Turanci, a hankali, "Saurayi, garke kake kiran mu. Na shanu, na tumaki."

Na nemi mafita. "Wataƙila a yarenku ne, amma a Rashanci..."

"Mu ma haka," in ji matar, 'yar Rasha. Ɗan Sabiya ya ɗaga hannu. Ɗan Bulgeriya ma ya ce haka take a wajensu. Ƙasashe huɗu, yare huɗu, kalma ɗaya, duk ta faɗo a kaina.

Laoban ya tambayi abin da ake ciki. Wani ya nuna masa waya, sai ga hoton tumaki. Bai yi faɗa ba. Ya dube ni ya ce, "Meiyou." Babu.

A jirgin ƙasa muka koma, da Alhaji zai sauka sai ya ce, "Allah ya kyauta, ɗana." Da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Ni kuwa ba aikin nake tunani ba, tsohuwar nan ce. Shekara biyu tana kiran mu garke, ina yi mata murmushi.

Biza ta ƙare, na tattara na koma Kano. Yanzu in aka tambaye ni yare nawa na iya, sai in ce Hausa, ita ma ina taka-tsantsan.