Kaskon Kura da Ƙwan Zabuwa

A wani daji da fari ya taɓa, manyan dabbobi suka zauna taro a gindin tsamiya don tausayin matan talakawa. Aka yanka, aka ci, aka sha, sannan Dila, magatakardan majalisa, ya miƙe ya ce, "Ranku ya daɗe, talaucin matan nan ya hana mu barci. Mun kafa asusun rance. Kowace za ta karɓi gero mudu biyar ta ja jari, ta mayar da bakwai in wata ya mutu. Jingina kuwa ba wani abu ba ne, ɗan abin da mace ta mallaka kawai." Aka yi tafi, aka naɗa Kura ta riƙe asusun, saboda an ce ta san darajar ajiya.

Zabuwa, wadda shaho ya ɗauke mijinta kwanan baya, ta je ta karɓa don ta yi fura. Ba ta da komai sai ƙwanta, su ta jinginar. Kura ta lashe baki ta ce, "Kada ki damu, ƙanwata, bashi hanji ne, yana cikin kowa."

Fura ta fara karɓuwa, sai Ɓauna mai kawo nono ta yi ƙaura neman ruwa. Wa zai sayi fura gaya? Ciniki ya tsaya, wata ya mutu. Zabuwa ta kwanta kan ƙwanta tana kuka, don har ta fara jin motsin 'ya'ya a ciki.

To, matan dajin suna da adashinsu tun kafin a haifi majalisa, kowace tana zuba tafin gero ranar kasuwa. Kwasar wannan karon ta tsohuwa Bushiya ce, wadda ta daɗe tana jira don ta gyara raminta da ke yoyo.

Da hantsi sai ga Kura, kasko a hammata. Kafin ta gama sallama Bushiya ta gangaro tana jan buhu, ta ce, "Auna naki, Hajiya Kura. 'Yar nan, share hawayenki. Ki ɗauki kwasata, in taki ta zo ki ba ni. Yoyo ba ya kashe tsohuwa, kuma ciwon 'ya mace na 'ya mace ne."

Kura ta auna, ta sake aunawa, ko Allah zai sa ya gaza. Bai gaza ba. Ta tafi ba ko sai an jima. Zabuwa ta yi ajiyar zuciya, ta rungumi Bushiya, ƙaya da komai. Kafin kasuwa ta zagayo, 'yan tsaki suna bin ta a baya.

A taro na gaba Dila ya ce, "Ranku ya daɗe, shirinmu ya yi nasara. Ba macen da ta kasa biya." Aka ba Kura lambar yabo.

Har aka tashi dai ba wanda ya tambayi abin da kasko yake yi a wajen karɓar gero.