Katin Alhaji Siddiƙu

Duk wanda ya ce bai san Alhaji Siddiƙu ba tsakanin Goronyo da Wurno, to baƙo ne, a ba shi ruwa ya sha. Shi ne shugaban manoman rani tun shekarar da aka fara sakin ruwan dam, kuma in ka saurare shi da kyau sai ka rantse shi ya haƙa dam ɗin da hannunsa. Mutum ne mai tawali'u ƙwarai, da bakinsa yake faɗa. A masallaci sahun gaba, a mota gidan gaba, a walima kwanon farko. Shi ya sa a bayan idonsa ake ce masa Na-gaba.

Wata shekara aka ce za a kai manoma Afirka ta Kudu su ga yadda ake ban ruwa. Sunan Alhaji ai ba sai an faɗa ba. Aka haɗa shi da malamin gona Abdulƙadiri a matsayin tafinta, da Isa, wani manomin albasa na Rimawa, wanda ruwa ba ya leƙa fadamarsa sai ta Alhaji ta ƙoshi. Isa ne mai ɗaukar jaka.

Ana gobe za su dawo aka kai su gidan tarihin wariyar launin fata. Tun a mota Alhaji ya buɗe huɗuba.

"Wanga zalunci na daɗe ina yaƙi da shi. Ɗan Adam duk ɗaya na! Isa, matsa can, kana take mini riga."

Ashe gidan yana da wata al'ada. Kowane baƙo sai ya zari kati ido rufe, wani an rubuta farar fata, wani baƙar fata, kuma ƙofar da katinka ya nuna ita za ka bi, don ka ɗanɗana abin da mutanen ƙasar suka sha. Tafinta ya yi bayani, Alhaji ya ce kai, wannan hikima ce babba, ya miƙa hannu kafin kowa. Baƙar fata. Isa ya zari nasa yana sosa ƙeya. Farar fata.

Tabɗi! Nan take fuskar Alhaji ta canza.

"Malam Abdulƙadiri, gaya ma yarinyar ga mai tsaron ƙofa an yi kuskure. Ta san ko ni wane ne? Ni ban hana su wariyarsu ba, amma a yi ta bisa tsari, a san babba a san yaro!"

Tafinta ya fassara rabi, ya haɗiye rabi. Yarinyar ta yi murmushi, ta nuna masa ƙaramar ƙofa.

"Isa, mi kake jira? Kawo katin nan mu yi musanya."

"Ranka shi daɗe, dokar ƙasar mutane ce, ni tsoro nika ji."

Isan da bai taɓa ce masa a'a ba ya gyara hula, ya shige ta faffaɗar ƙofa, jakar ma a nan ya bar ta. Haka Alhaji ya rungumi kayansa ya bi wani matsattsen lungu mai ƙarafa, babbar riga tana maƙalewa, yana tsaki.

A ciki, gaskiya, jikinsa ya yi sanyi. Ya tsaya gaban hoton wani dattijo da wani matashin ɗan sanda ya tuɓe wa hula a tsakar titi, ya tuna da mahaifinsa, har ya share ido da gefen riga. Tausayin na gaske ne, ba zan ci haƙƙinsa ba. Sai dai yana ɗaga kai ya hango Isa can gaba, hannuwa a baya, yana takawa a hankali, sai tausayin ya koma baƙin ciki. Abu ɗaya ya tsaya masa a rai: kada labarin nan ya kai Goronyo. Kafin su hau jirgi ya sa Isa da tafinta suka yi masa alkawarin rufa asiri, kuma suka riƙe, ko matansu ba su gaya wa ba.

Da aka dawo Alhaji ya tara jama'a a ƙofar gidansa don ya wayar musu da kai. Manya a kujeru cikin rumfa, 'yan ƙwadago a tabarma cikin rana. Ya yi bayanin zalunci har muryarsa na rawa, mutane na ta salati. Daɗin salatin nan ne ya ɗebe shi.

"Ku dai ji kawai kuka yi, ni a jikina anka yi ta! Ni Siddiƙu anka tura ƙofar baya da jaka a hannu, Isa, Isan ga da kuke gani, ya bi ta Turawa!"

Kawuna suka juya cikin rana inda Isa yake zaune. Wata tsohuwa, Inna Habi, ta rangaɗa guɗa, wani ya ruga ya ɗauko masa kujera. Tun daga ranar sunansa ya koma Baturen Rimawa, ranar kasuwa har layi ake yi a gaishe shi.

Alhaji kuwa ya ce ziyarar ta canza masa rayuwa, kuma gaskiya ne, barci ma ya ƙaurace masa. Kullum yana hanyar Sakkwato yana roƙon a sake tura shi ƙaro ilimin ban ruwa. Tafinta ya tambaye shi abin da ya rage bai gani ba.

"Ba komi, Malam. So nika yi in sake zarar katin nan."