Rasuwar Makullin Motar Ƙwai

Da zuciya mai nauyi da idanu cike da ƙwalla, ni da iyalina muke sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da masu shaguna da gidajen burodin da nake kai wa ƙwai, rasuwar abokin tafiyata, Makullin Mota, wanda ya rabu da mu ranar Talata da hantsi, bayan shekara goma sha ɗaya yana hidima a aljihuna na dama.

Marigayin baƙi ne, gajere, mai faɗin kai, yana da madanni uku a ƙirji. Na farko na kullewa ne, na biyu na buɗewa. Na uku, wanda aka ce na buɗe but ɗin baya ne, ya yi ritaya tun a shekara ta huɗu, kuma ba mu taɓa goranta masa ba. Shi ba mai yawan magana ba ne. Duk tsawon zamanmu kalma biyu na sani a bakinsa: in ya kulle mota ya ce "cuk-cuk", in ya buɗe ya ce "cuk". Da waɗannan ya riƙe gida, ya ciyar da yara uku.

Bai taɓa cewa wani aiki ya fi ƙarfinsa ko ya yi masa ƙanƙanta ba. Ya huda gwangwanin madara. Ya farke salatif ɗin kwali ba adadi. Ya ɗaure kusar tabaran matata, wadda kowa ke kira Malama saboda tana koyar da lissafi a firamare. Ya kuma sosa mini kunne, abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau da gaskiya ta zama dole. Sau ɗaya aka wanke shi a cikin wando, ya kwana biyu a cikin kwanon shinkafa ɗanya, ya tashi garau kamar ba abin da ya faru. A ƙarshen rayuwarsa bayansa ya tsage, muka ɗaure shi da roba, kuma sai na matso kusa da mota sosai na ɗaga shi sama kafin ta ji muryarsa. Duk da haka bai taɓa fashin aiki ba.

An haife shi da ɗan uwa, tagwaye ne. Ɗan uwan ya riga shi gidan gaskiya shekara bakwai da suka wuce a hannun ƙanin Malama, wanda ya ari mota don ya ɗauko katifa, ya dawo da mota da katifa da dogon bayani. Tun daga ranar Malama ba ta barin wata ya wuce sai ta ce mini, "Baban yara, ka je a yanka maka na biyu." Ni kuma ina ce mata sati mai zuwa. Ina so a shaida cewa na faɗi wannan da kaina, kafin ta faɗa a wurin makoki.

Ga masu tambayar yadda abin ya faru, ga shi. Ranar Talata na tsaya a ƙofar baya ta gidan burodi, daidai inda motar fulawa ke sauke kaya, don na san minti biyar kawai zan yi. Na ɗauki kiret shida, na danna marigayin, ya ce "cuk-cuk", na shiga ciki. Ashe kalmarsa ta ƙarshe ke nan. Na ajiye kaya, na gaisa da mai gidan burodin, na fito na sa hannu a aljihu, sai na ji yatsuna sun taɓa cinyata.

Na juye aljihun dama, na juye na hagu. Na cire hula na leƙa, na cire takalmi na girgiza. Na koma ciki na bi sawuna sau uku, har na durƙusa na leƙa ƙarƙashin tanda. Ma'aikata suka bar kwaɓi suka taya ni nema da hannuwa fari fat. A waje kuwa rana ta ɗaga, ga kiret talatin da huɗu na ƙwai kulle a mota, gilasai a rufe ruf, shaguna tara suna jira. Na manna fuskata a gilashi ina kallon su suna kallona.

Mai gidan burodin ta fito riƙe da ƙugu ta ce, "Mai Ƙwai, in ka bari suka dahu a ciki, ka sani ni ɗanye na ce a kawo mini."

Aka kira tsohon nan mai yankan makulli na bakin kasuwa. Ya zo a kan keke, ya zura wata siririyar waya ta gefen gilashi, ya lumshe ido kamar mai sauraron waƙa, sai ƙofa ta ce "ƙwas". Nan take motar ta fasa ihu da hon da fitilu, har kajin maƙwabta suka watse. Muka kwashe ƙwai zuwa inuwa, na ɗauki hayar mai tura kura, na bi shi a ƙafa shago shago ina ba da haƙuri. Ƙwai uku kacal suka fashe, su ma a hannuna.

Washegari tsohon ya kawo sabbin makullai biyu da ya yanka daidai da bakin ƙofar, kowanne da madannansa. Na zauna, na zura, na murɗa. Inji ya yi tari ya yi tari ya yi shiru. A dashbod wata 'yar fitila mai siffar makulli ta dinga ƙyafta mini ido.

"Baba, ai bai tashi ba," na ce.

"Ba zai tashi ba," in ji shi. "Ni ƙarfe na yanka. A cikin kan makullin akwai wata 'yar ƙwaya da mota ke ganewa, kuma motarka ba ta san waɗannan ba. Sai an gabatar da su."

Na je wurin dillalan irin motar, suka ce sai an jawo ta an kawo musu, kuma sai bayan sati uku layi zai zo kaina. Sati uku! Masu shaguna biyu sun riga sun fara tambayata ko in haɗa su da wani mai ƙwai kafin in warware. Ga motata ta tare ƙofar gidan burodi, motar fulawa ta kasa shiga, sai dai a tsaya a bakin titi a dinga jido buhuna da baro. Mai gidan ta daina ce mini Mai Ƙwai, ta koma ce mini "bawan Allah", wanda duk mai hankali ya san abin da hakan ke nufi.

Na koma gida na zauna a bakin gado ban ko cire takalmi ba. Malama ta dube ni ta saman tabarau. Na jira ta ce ai ta faɗa mini. Ba ta ce ba, ta ɗauki waya ta shiga bincike, ta kalli bidiyo ɗaya sau huɗu tana rubutu a bayan takardar jarrabawa. Ranar Alhamis bayan an tashi makaranta sai ga ta a ƙofar gidan burodi da wata 'yar na'ura kamar kwalin ashana, wadda ta aro wurin mijin wata abokiyar aikinta.

"Shiga ka zauna," ta ce. "Ka rufe ƙofa. Kada ka taɓa abin da ban ce ka taɓa ba."

Na sunkuya na jona na'urar a wani rami da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda shekara goma sha ɗaya ban san da zamansa ba. Wayarta ta gaisa da motar. Ma'aikatan burodi suka jeru a bakin ƙofa, har da mai gidan, wadda ta jawo kujera.

"Zura makulli. Murɗa sau biyu, har fitilu su kama, amma kada ka tada inji."

Na murɗa sau uku. Inji ya yi tari, wayar ta ce a sake daga farko.

"Baban yara, biyu nawa ne?"

"Biyu ne, Malama."

"To nuna mini da yatsu."

Na nuna. 'Yan kallo suka tafa. A karo na biyu zumuɗi ya sa gwiwar hannuna ta bugi sandar waifa, ruwa ya feso, waifa suka shiga rawa a busasshen gilashi, na kai hannu in tsayar da su na danna hon. Malama ta ajiye wayar a cinya, ta rufe ido, ta yi numfashin da take yi kafin ta shiga aji uku. Daga nan ta umarce ni in ɗora hannuwana a gwiwa, kada su motsa sai da izini.

A karo na uku komai ya tafi daidai, sai wayar ta kawo tambaya. Malama ta karanta a hankali: ko muna so motar ta manta da duk tsoffin makullanta, don kada wanda ya tsinci ɓataccen ya zo ya tafi da ita.

Jama'a, nan ne ciwon ajali ya kama. Na dubi wayar, na dubi aljihuna. Na ce ko za mu ƙara masa kwana ɗaya.

"Ka ga motar fulawa can," in ji Malama. Ta miƙo mini wayar. "Kai ka zauna da shi. Kai za ka sallame shi."

Na danna. Ba a ji ƙara ba, ba a ga hayaƙi ba. Malama ta shiga ƙirga daƙiƙa da ƙarfi, ma'aikata suna amsa mata kamar 'yan aji. A kan sittin 'yar fitilar ta daina ƙyafta ido, ta mutu. Muka zare na farko, muka zura na biyu, shi ma motar ta karɓe shi. Sannan ta sa na danna madannai biyu lokaci ɗaya, sai makullan ƙofofi huɗu suka yi sama suka yi ƙasa da kansu.

"Yanzu tada ta."

Na murɗa. Ta tashi! Bugu ɗaya! Ina neman afuwar masu karatu, na san takardar makoki nake rubutawa, amma na fito daga motar nan na yi tsalle uku, na rungumi mai kwaɓin fulawa har na koma fari, na zagaya motar ina kullewa ina buɗewa daga can tsallaken titi, tazarar da marigayin bai kai ba ko a ƙuruciyarsa. Na ce wa Malama daga yau ita ce Injiniya. Mai gidan burodi ta ce in janye motata tukuna, sannan in ci gaba da naɗe-naɗen sarauta.

Ina cikin ja da baya sai mai tura baron fulawa ya fito daga sito, ya cire hularsa, ya miƙo mini wani abu a cikin ledar burodi. Marigayin ne. Ashe a kan kiret na ɗora shi ranar Talata, ya zame ya faɗa bayan buhuna, daga baya aka share shi zuwa hanya, baro ya bi ta kansa da buhu biyu. Ya rabu gida uku, robar ce kaɗai ta riƙe shi. Na tambayi mutumin ko ya sha wahala. Ya ce "ƙaras" kawai ya ji. Wannan baron kuwa ba don motata ta tare hanya ba, da bai shigo siton ba. Na ɗauki wannan ma a kaina.

Marigayin ya rasu ya bar mota ɗaya mai tsatsa a ƙofarta ta baya, da zoben ƙarfe, da makullin gida da na kwaɗon sitona waɗanda suka rayu tare da shi a zobe ɗaya, aka tsince su lafiya sai dai firgici. Ya bar magada biyu sababbi fil. Ɗaya yana aljihuna ɗaure da igiya a bel, ɗayan yana jakar Malama, a wani zif da ba a gaya mini ba. Ƙaninta ya aiko da ta'aziyya tare da tambayar ko motar tana da aiki ranar Lahadi. Iyali sun karɓi ta'aziyyar.

Muna godiya ga tsoho mai yankan makulli, da mai kura, da mai gidan burodi, wadda ta koma kirana da sunan sana'ata tun safiyar Juma'a.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe huɗu na yamma, a ɗakin zamanmu. Za a naɗe marigayin a hankici mai tsabta, a kwantar da shi a durowa ta ƙasa, kusa da tsohon agogon mahaifina da cajojin da ba wanda ya san na wace waya ba ne. Za a yi shiru na minti ɗaya, sannan a sha shayi da dafaffen ƙwai. Ba a buƙatar furanni.

Haka kuma iyali na sanar da cewa Malama ba ta mayar da na'urar ba tukuna, ta ce sai Litinin. Tun jiya maƙwabta huɗu masu makulli ɗaya tak suka rubuta suna, za ta kafa teburinta a ƙofar gida da zarar an rufe durowa. Saboda haka ana roƙon jama'a su kiyaye tsari: masu makoki su shigo ciki, masu layi su tsaya ta gefen mangwaro, kuma kowa ya zo ya san biyu nawa ne.