Yadda Katin Bashi Ya Sa Aka Yi Ta'aziyyata a Doha

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na farka na tarar ana ta'aziyyata ba. In za a bi gaskiya, ba duk abin da ya faru nake tunawa daidai ba, don zazzaɓi ya cinye wani ɓangare. Amma abin da ya rage ya ishe ni kunya har yau.

Lokacin ina karatun digiri na biyu a Doha, ina zaune a wani ɗan ɗaki a unguwar Muntazah. Kafin korona ta rufe gari da 'yan watanni na karɓi katin bashi daga banki, irin wanda za ka yi sayayya da shi yau ka biya ƙarshen wata. Ba da son raina ba. Injiniya Bala ne ya matsa mini, wani dattijo Bakatsine da ke aikin gas yana zaune a garin Wakrah kusa da Doha, wanda duk ɗalibin Arewa da ya sauka Doha shi ne ubansa.

"Ɗana," in ji shi, "banki a ƙasar nan ba ya tambayar ɗan wane ne kai. Abin da yake dubawa ɗaya ne, ka taɓa cin bashi ka biya a kan lokaci? Gobe ka gama karatu ka nemi mota, ko gidan da za ka kawo iyali, su duba su ce ba su san ka ba."

Mu kuwa a gidanmu bashi abin tsoro ne. Na taso ina ganin yadda ake ajiye makara a ƙofar gida, kafin a yi salla wani ya ɗaga murya ya ce duk mai bin mamacin nan bashi ya zo ya faɗa. Tun ina yaro shirun da ke biyo bayan wannan magana yake tayar mini da tsikar jiki. Burina ke nan a duniya, ranar da za a yi wannan cigiya a kaina, shirun ya tafi har ƙarshe ba wanda ya yi gyaran murya.

Saboda haka sai da na tambayi malamai (har da wanda ban gamsu da karatunsa ba, don dai kada in bar kafa), na zaɓi bankin Musulunci, sannan na kafa wa kaina doka. Ba na sayen komai da katin sai abin da na riga na san alawus ɗina zai biya: shinkafa, kuɗin waya, sai sau ɗaya butar lantarki. Kuma ina biya gaba ɗaya kafin ranar da aka yanka. Ina jin ko su ma'aikatan bankin sun gaji da ganina.

Sai annoba ta zo. Abokin ɗakina, wani ɗan zangon Kumasi, ya tafi hutu aka rufe iyaka da shi a can, na rage ni kaɗai. Muntazah da ba ta taɓa yin shiru ba ta yi tsit. In na leƙa taga da tsakar rana, ba kowa sai kyanwoyi suna tsallaka titi ba sa ko duba mota. Ladan zai kira salla, ya ƙare da cewa kowa ya yi a gidansa, muryar ta bi layin shaguna rufaffu ta dawo kamar wani ne yake amsa masa. Wani lokaci motar asibiti ta shigo layinmu ba jiniya, ta tsaya, ta tafi. Ba ka san wa ta ɗauka ba.

Na ji ana cewa wanda cutar ta kashe, mutane ƙalilan ne ke raka shi. A nan tunanin ya kama ni. In na mutu tsakiyar wata, da bashin shinkafa a kan katin, wa zai tsaya ya yi cigiya? In ma an yi, banki yana zuwa maƙabarta ne?

Sai na yi abin da a lokacin na ɗauka hikima ce. Na naɗi wasiyya da muryata a waya. Na fara da cewa, "Baba Injiniya, in wannan saƙo ya iso ka, to ta Allah ta kasance a kaina." Na faɗi lambar katin, na faɗi abin da ke kansa, na roƙi a biya kafin a sa ni a ƙasa. Sannan na saita wayar ta tura masa saƙon da kanta ana gobe ranar biya. Dabarar ita ce, duk wata in na biya sai in soke, in ɗaga zuwa wata mai zuwa. In ban soke ba, to ba na raye. (Ban taɓa kawo wata hanya ta uku a raina ba. Mai digiri ke nan.)

Wata da watanni abin yana tafiya lafiya, har na fara jin daɗin kaina. Sai wani mako zazzaɓi ya kwantar da ni. Na gaya wa Injiniya a waya, ya ce in sha magani in killace kaina, in ya yi tsanani in kira asibiti. Na sha magani, wataƙila fiye da yadda ya kamata, na ja bargo. Saƙon ya tafi da safe a kan lokacinsa, daga baya cajin wayar ya ƙare. Ni ina can ban san duniyar da nake ba.

Na farka wajen la'asar. Ɗakin ya yi wani irin haske ja-ja ta bayan labule, ba motsin komai, ko ƙarar na'urar sanyin maƙwabta ban ji ba. Jikina sakayau, ba ciwo ko kaɗan, abin da ya fara ba ni tsoro ke nan. Na jona wayar. Tana kunnuwa ta hau rawa a hannuna ba tsayawa.

Abin da na fara gani a zauren hirar 'yan Arewa mazauna Doha shi ne hotona, wanda na ɗauka ranar gama digirin farko, ina murmushi. A ƙarƙashinsa, Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na yi ta gangarawa. "Allah ya jiƙan ɗalibinmu na Muntazah." "Yaro ne mai kunya." "Allah ya sa ya huta." Wani ya ce kullum yana ganina a sahun gaba (ina zargin da wani ya haɗa ni, amma ban so in yi gyara ba). Wani da bai taɓa amsa gaisuwata ba ya rubuta cewa ya yi rashin ƙane.

Ba zan ɓoye muku ba, na ɗan yi shakka. Na ce ashe haka abin yake, mutum ya tashi sakayau a ɗaki shiru, yana kallon masu yi masa addu'a ba sa jinsa? Na je madubi. Ina ciki. Na mintsini hannuna, na ji zafi, amma wa ya taɓa dawowa ya ce mamaci ba ya jin mintsini? Ina tsaye sai saƙon banki ya shigo: an biya kuɗi a katina. Sai wani. Sai wani kuma. Mutane daban-daban suna zuwa na'urar banki suna sauke mini nauyi. A nan shakkar tawa ta ƙaru, don a sanina mamaci kaɗai ake yi wa haka.

Sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. A hankali, kamar mai ƙwanƙwasawar ba ya sa ran amsa. Na ji ana gwada makulli.

Sanyi nake ji, sai na jawo zanen gado na lulluɓa har ka. Zanen fari ne. Ban yi tunanin komai ba, wallahi. Na buɗe ƙofar daidai lokacin da makullin ya juya.

Mutum biyu ne a tsaye da takunkumi da safar hannu: Injiniya Bala da mai gadin gininmu, wani ɗan Nepal. Mai gadin ya saki makullai a ƙasa ya bi matakala, har yau ban san da wace ƙafa ya sauka ba. Injiniya ya ja baya ya jingina da bango, bakinsa yana motsi a bayan takunkumi.

"Baba, ina wuni," na ce.

Ya ƙura mini ido.

"Kai ne?"

"Ina jin ni ne, Baba."

"Kana jin kai ne? Taɓa ƙofar nan in gani."

Na taɓa. Sai ya zaro wayarsa ya danna. Sai ga muryata ta cika barandar, tana rawa, tana jan majina: "...akwai shinkafa rabin buhu, da kuɗin waya, butar lantarkin kuma na riga na biya, kada a sake biya..." Ƙofofin maƙwabta suka fara buɗewa kaɗan-kaɗan, ido ɗaya-ɗaya. Na so a ce mutuwar gaskiya ce.

"Na kira ka har yatsana ya gaji," in ji shi. "Na tura saƙon nan zaure na ce wa ya san halin da yaron nan yake ciki. Ba wanda ya karanta tambayar, kowa ya hau Inna lillahi. Na taso daga Wakrah cikin wannan hali. Don shinkafa! Kai wane irin mutum ne?"

"Baba, tsoron bashi ne."

"Tsoron bashi? Ni fa lambar kawunka na fito da ita, saura in danna."

Abin da ya hana shi, a ƙarshen wasiyyar na ce kada a sanar da gida sai an tabbatar an biya katin. Ita ce kaɗai maganar hankali a cikin saƙon, ita ma ba don hankali na faɗe ta ba. Ba don ita ba, da yanzu Hajiyarmu ta shimfiɗa tabarmin zaman makoki a tsakar gida.

"Yalla, maza koma ciki kada ka shafa mini," ya ce. "Kuma kai da bakinka za ka gaya wa jama'a ka dawo."

Na shiga zaure na rubuta, na goge, na sake rubutawa. A ƙarshe na ce, "Salamu alaikum, ni ne, ban rasu ba, a yi haƙuri." Wani ya amsa, "To wa zai mayar mana da hawayenmu?" Waɗanda suka biya kuwa na bi su ɗaya-ɗaya in mayar musu, kowa ya ce khalas, magana ta ƙare, sadaka ce ya yi wa mamaci, ba a karɓar ta. Ni da na rantse ba mai bina ko sisi, ga ni da nauyin mutanen da suka ƙi a biya su.

A banki dai sunana fes. Da na gama karatu na sami aiki, ko gardama ba su yi ba suka ba ni bashin mota. A wajen jama'a ne sunan ya canza. Lokacin gasar cin kofin duniya, ina cikin cunkoson tashar jirgin ƙasa tsakanin baƙi masu tutoci da ganguna, sai na ji an ƙwala kira daga can nesa da Hausa tsantsa: "Marigayi!" Abin takaicin, tun kafin in yi tunani na ɗaga hannu na ce na'am.

Daga baya ne wata ma'aikaciyar banki ta nuna mini cewa ana iya saita katin ya riƙa biyan kansa daga asusu duk wata, ko kana barci, ko kana zazzaɓi, ko ma ka mutu da gaske. Danna abu ɗaya ne. Yanzu haka nake yi, kuma ita ce shawarar da nake ba duk ɗalibin da ya karɓi kati: ka sayi kaɗan, ka biya duka, ka bar wa na'ura aikin biyan. Sanar da mutuwarka kuwa, ka bar wa mutane. Sun iya, na gani da idona.