Maburgin Zamani

Da ƙanwata Hassi ta dawo Gummi daga Kaduna, ta bar wani farin buroshi mai batir a ɗakina. Na danna, ya hau juyawa. Ni da na yi sakandare, wa zan tambaya? Na tara matan gida su ga maburgin zamani, na tsoma shi cikin miyar kuka. Wallahi ta burgu. Inna har da sa albarka.

Muna cin tuwo Hassi ta shigo, ta dafe ƙirji: "Yaya, na wankin huska na! Ɗazu na goge ƙurajena da shi."

Inna ta ajiye lomarta a hankali.

Har yau in na yi girki sai ta leƙa tukunya ta ce, "Madalla, wagga miya ta yi haske, ko ƙurji babu."