Dakta Sabitu da Ƙwan Katantanwa

A duk faɗin Bauchi babu wanda ya san katantanwa kamar Dakta Sabitu. Shi da kansa ya faɗa, kuma ba mu ji ya janye ba. Shi ne shugaban wata ƙaramar cibiyar binciken halittun ruwa a hanyar Gubi. Mutum ne mai tsafta: shekara goma sha ɗaya yana aikin ruwa, taɓo bai taɓa ganin takalminsa ba. Ma'aikatansa suna kiransa Sarkin Ruwa, yana amsawa, a zatonsa naɗi ne.

Mai shiga taɓon ita ce Jemima, aminiyata tun muna firamare. Ni ɗinki nake yi a Wunti, ban taɓa jin kalmar furotin ba sai a bakinta. Takan zauna gefen kekena, dugaduganta duk kaushi, tana ba ni labarin katantanwar da ke zaune cikin ruwa amma sai ta fito tudu take yin ƙwai, da furotin ɗin cikin ƙwan da ke ciyar da ɗan har ya ƙyanƙyashe. Shekara shida tana wannan aiki. A daminar bara ta kwanta rashin lafiya kwana tara, ta tafi. Har yau nakan juya zan yi mata magana.

Dakta ya zo gaisuwa, ya yi jawabin minti arba'in. "Marigayiya ta yi dace," in ji shi, "ta rayu a inuwata." Da zai tafi ya kwashe littattafanta don adanawa. Ya adana su ƙwarai, domin bayan wata uku rahoto ya fito da sunansa a bango, da hotonsa yana riƙe da katantanwa da hankici. Sunan Jemima babu ko a gefe.

Na same shi a ofis. "Ranka ya daɗe, sunanta fa?"

"Baiwar Allah, bincike ba ɗinki ba ne. Ita ɗebowa ta yi. Ni na yi tunanin."

Sai aka ce manyan baƙi za su zo daga Abuja ganin aikin. Saura mako guda, Sarkin Ruwa ya leƙa ɗakin gwaji, aka nuna masa inda ƙofar take. Katantanwar da Jemima ta kiwata sun liƙa ƙwai a jikin tankuna, can sama da ruwa.

"Wane sakaci ne wannan? Ƙwan dabbar ruwa a bushe? A kankare a zuba a ruwa."

Malam Bakari, dattijon da ke kula da tankunan, ya ce, "Ranka ya daɗe, marigayiya ta ce idan suka nutse..."

"Marigayiya digiri nawa gare ta?"

Aka kankare, aka zuba.

Ranar taro na je. Ƙwan sun ruɓe tas, wari har bakin titi. Dakta ya sha babbar riga yana bayani a kan furotin, baƙi suna toshe hanci. Wata daga cikinsu ta buɗe rahoton, ta karanta layin farko a fili, inda aka ce ƙwan nan ba sa rayuwa cikin ruwa.

"Dakta, ka kuwa karanta wannan?"

"Hajiya, ni na rubuta. Mai rubutu ina ya ga lokacin karatu?"

Kwana biyu bayan haka ya aika wa Abuja takarda don ya wanke kansa. Ya ce shi sa ido kawai ya yi. Duk kuskuren da aka gani, a tuhumi wadda ta yi binciken daga farko har ƙarshe, wato Jemima Obadiya. Ya sa hannu, ya buga hatimi.

Baƙin ba su ga kuskure ko ɗaya a rahoton ba. Suka sake buga shi da sunanta a bango, bisa shaidar shugabanta. Malam Bakari ya kawo mini kwafi, na rungume na yi kuka. An gode wa Dakta a shafin ƙarshe, saboda adana littattafai.